Na'urar Bawku Ta Yi Shiru

A Salaga Rauf ya fara ganin Mudassira. Ya sauko daga kan ƙarfen sabis, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya tarar da wata budurwa a inuwa, kwamfuta a cinyarta.

"Kai ne Rauf na Bawku?" in ji ta. "Na'urar ta dawo. Sannu."

"Ashe ke ce mai hana ni hutu?"

Ita ce kuwa. Daga ofishin kamfaninsu a Yendi take lura da na'urorin intanet na garuruwa uku ta wani tsarin sa ido da ake kira SNMP. Kowace na'ura tana aiko mata rahoton lafiyarta. In ɗaya ta yi zafi ko ta ɗauke, sai ta kira shi ya hau babur.

A hankali kiran aiki ya fara tsawo.

"Hajiyata, na iso Bawku. Bayana kamar an daka," ya rubuto mata.

"Sannu, nawan. Ka ci abinci kafin ka ɗaga kowane kira, ko da nawa ne."

Bayan shekara ya tura kawunnansa wurin mahaifinta, Malam Yussif, mai koyar da karatu a Yendi. Malam ya ƙi.

"Ba na ba da 'yata ga wanda babur ne ɗakinsa. Ga Tajudeen nan, shagonsa a kasuwa, kullum ina ganinsa a masallaci."

A makon nan na'urar Bawku ta yi shiru, wayar Rauf ma haka. Kwana uku Mudassira tana kallon jan allo, ta yanke cewa ya haƙura da ita. Rana ta huɗu saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba:

"Ruwa ya kayar da ni a hanya. Waya ta fashe, ƙafa ta karye. Ban gudu ba, Mudassira. Tsautsayi ne kawai da gajiyar hanya."

Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta kira shi.

"Rabin matsalar da kake tafiyar nan dominta, daga kujera ake gyara ta. Zan koya maka."

Wata biyu yana kwance, tana koya masa ta waya: karanta rahoto, sauya saiti, tayar da na'ura daga nesa. Da ya warke, ogan kamfanin ya yarda a dawo da shi ofishin Yendi.

Ya je gaishe da Malam yana dogara sanda.

"Kwana nawa za ka riƙa yi a waje?"

"Biyu ko uku a wata, Malam. In waya ta tsinke, dole mutum ya je."

Malam ya daɗe yana kallonsa. "Da ka ce babu ko ɗaya, da na sallame ka. Turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da la'asar, ana cikin ɗaukar hoto, ango ya fara gyangyaɗi a kujerarsa. Ƙawaye suka kwashe da dariya.

"Ku bar mini shi ya huta," in ji Mudassira.

Kakarta ta ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Duk gidan ya amsa da amin.