Ɗalibin Malam na Ƙarshe

"Ka daina zuwa gidanmu."

Haka budurwata ta ce, tana tsaye a bakin shagona na gyaran keke, riƙe da keken da ake tura mahaifinta a ciki. Keken babu kowa. Taya ɗaya ta lanƙwashe.

Ban ɗago ba. Na karɓi keken, na kifa shi.

"Bakanike, da kai nake!"

"Na ji."

"Ka ji... shi ke nan?"

"Me zan ce?"

"Ka ce wani abu mana! Mutum sai ka ce ƙyauren ƙofa!"

Na juya tayar. Tana zagayawa tana rangaji, kamar zuciyata.

"Yaya zai zo ƙarshen wata," ta ce, muryarta ta sauka. "Zai tafi da mu garin da yake aiki. Ni da Baba. Ya ce ba zan ƙare ƙuruciyata ni kaɗai da majinyaci ba."

"Ki aure ni. Sai mu zama biyu."

Ta yi wata dariya mai kama da kuka.

"Rabin raina, ka san Baba..."

Na san shi. Malam ya yi rayuwarsa yana koyar da Faransanci a sakandare. Bayan rasuwar matarsa ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Sunan 'yarsa ma ya gagare shi. Abin da ya rage a harshensa shi ne jerin fi'ilan Faransanci, wato aikatau, da ya shekara da shekaru yana dasa wa yara a ka. Cikinsu ma akwai wanda ya fi so, wani tsohon salo da ake kira subjonctif imparfait.

Kowace safiya takan zauna gabansa ta karanto masa. Yakan amsa, ya buga cokali a faranti, fuskarsa ta yi haske. Sai an gama darasi yake shan shayi. In ba darasi, ba abinci. An kawo masu jinya, ya juya musu ƙeya. Yaya da kansa ya gwada, Malam ya rufe ido.

"Yaya ya ce in akwai namijin da Baba zai karɓi shayi a hannunsa, zai bar mu," ta ce. "Ya san babu, shi ya sa ya faɗa."

"Ki koya min."

"Kai? Me ka sani a Faransanci?"

"Bonjour."

"Sai me?"

"Shi ke nan. A bayan aji nake zama."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu.

"Kawo wayarka."

Washegari ta dawo min da ita cike da muryarta. Ta buɗe tsohon littafin Malam, ta karanto fi'ilan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Que je fusse... que tu fusses... qu'il fût...

Na tambaye ta ma'anar salon.

"Na fata ne da buri," ta ce. "Amma burin da aka yi a da, wanda lokacinsa ya wuce. Yanzu ba mai magana da shi. Sai a tsofaffin littattafai."

"To me ya sa yake son shi?"

"Ko don shi ma an daina magana da shi ne..."

Daga ranar, shagon ya zama wani wuri. Ina facin taya, muryarta na kunnena. Rana na shigowa ta ramukan kwanon rufi, tana sauka ɗigo-ɗigo a kan sarƙoƙi da baƙin mai. Que nous fussions, da ma mun kasance. Sai in ga mu biyu a ɗaki mai farin labule, tana zuba shayi, Malam na gyangyaɗi kusa da taga. Que j'aimasse, da ma na so. Sai in manta tiyub a cikin ruwa har mai keke ya yi min tsawa.

Umma, mahaifiyata, ce ta fara gajiya da ni.

"Wai aljanu ne suka shige ka? Fus-fus-fus tun safe, kamar taya na sacewa!"

"Karatu ne, Umma."

"Karatun da ba ka yi ba ana biya maka makaranta, shi ne za ka yi yanzu? Lallai so ya fi bulala."

Ta ajiye tsintsiya, ta zauna a bencin masu jira.

"In suka tafi, za ka bi ta?"

Na kalli shagon. Na mahaifina ne. Ranar da ya rasu, sifanarsa na kan teburin nan, kuma har yau a nan take kwana. Daga shagon nan muke ci, ni da Umma da ƙannena.

"A'a."

"Za ka iya?"

"Ban sani ba."

Ta shafa kaina, abin da rabonta da yi tun ina firamare.

"To ka yi fus-fus ɗinka da kyau, ɗan albarka. Allah ya sa tsohon ya ji."

Na haddace su. Ina tafiya ina yi, ina wanka ina yi. Har na kai inda zan karanto daga farko zuwa ƙarshe ba tuntuɓe. Fi'ili ɗaya ne ya ƙi zama a kaina, venir, wato zuwa. Na ce zan tsallake shi.

Ranar da Yaya ya zo, da hantsi na isa gidan. Akwatuna jere a baranda, an ɗaure su. Mota a ƙofa. Yaya dogo ne mai tabarau, ya ba ni hannu yana kallon baƙin man da ya ƙi fita daga faratana.

"Kai ne ɗalibin?"

"Ni ne, Yaya."

"Bismillah. Amma kar ka sa rai."

Ɗakin Malam na warin man zafi da tsohuwar takarda. Littattafai har rufi, bayansu ya koɗe. Yana cikin kekensa kusa da taga, cokali a hannun hagu, shayi na tururi a gabansa. Ita tana tsaye bayansa, ta damƙe gefen mayafinta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalle ni kamar ana kallon bango.

Na zauna. Na fara.

"Que je fusse, que tu fusses, qu'il fût, que nous fussions, que vous fussiez, qu'ils fussent."

Tsaf. Ko numfashi ban saɓa ba.

Cokalin bai motsa ba.

Na shiga na biyu. Que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût. Na shiga na uku. Kalmomin na zubowa sumul kamar sabuwar sarƙa. Ina jin Yaya na cewa, "Kai, yaron nan ya yi ƙoƙari!"

Malam ya juya kai wajen taga. Idonsa ya fara lumshewa.

Tururin shayin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke.

"Baba..." ta ce. "Baba, don Allah..."

Malam ya ƙarasa rufe ido.

Yaya ya dafa kafaɗata.

"Samari, ba laifinka ba ne. Haka yake yi wa kowa." Ya juya gare ta. "Ƙanwata, ɗauko magungunansa. Rana na yi."

Ta nufi ƙofa, hannu a baki. Na ga kafaɗunta na rawa.

Ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Na ga shagon gobe, babu mai tsayawa a bakinsa ta kira ni ƙyauren ƙofa. Na ga muryarta a waya tana tsufa, ina saurare har ranar da wayar za ta mutu. Abu ɗaya ya rage min, wanda na tsallake. Na buɗe baki, ban ma san me ke fita ba.

"Que je... que je venisse..."

Ƙwal!

Cokalin ya daki faranti har shayi ya fantsama.

"Non!"

Malam ya juyo. Idanunsa a buɗe tar, suna ci kamar garwashi.

"Vinsse!" ya ce. "Vinsse!"

"Que je vinsse," na ce. "Que tu... venisses..."

Ƙwal!

"Sake!" in ji Malam.

Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Yaya ya cire tabarau.

"Hausa..." ta ce. "Yaya, ka ji? Baba ya yi Hausa!"

Na sake. Na ɓata. Ya buga, ya gyara, ya harare ni. Na sake ɓatawa, wallahi ba da gangan ba, kaina ya riga ya watse. Gumi na zuba, shi kuma kamar ana hura masa rai. Ya miƙe zaune. Ya nuna ni da cokali, ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin takaici kuma yana jin daɗinsa.

Ta durƙusa gefensa, hawaye shaɓe-shaɓe, tana dariya.

"Ni fa kullum sai na yi kuskure... kullum yana min faɗa. Na ɗauka haƙuri yake yi da ni. Ashe gyaran yake jira! A waya kuwa daga littafi na karanto maka, shi ya sa babu kuskure ko ɗaya..."

Da ƙyar muka kai qu'ils vinssent. Malam ya ajiye cokali. Ya kalli kofin, ya kalle ni.

Na ɗauka da hannu biyu. Shayin ya huce, amma ya sha. Ya shanye.

Yaya ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna gaban mahaifinsa.

"Baba, mota na jira. Mu tafi?"

Bakin Malam ya yi ta kokawa da kalmomi. Muka jira.

"Ina da... ɗalibi."

"Ai ya iya, Baba. Ka ji shi ɗazu."

Malam ya yi tsaki da rabin bakinsa.

"Daƙiƙi ne," ya ce. "Zai... daɗe."

Yaya ya fashe da dariya, yana goge ido da bayan hannu. Ya miƙe ya leƙa baranda, ya ce a kwance akwatunan. Da ya dawo bai kalli faratana ba.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Ta rako ni har bakin ƙofa. Rana ta cika titi, komai fari fat, kamar ban farka ba.

"Daƙiƙina," ta ce a hankali. "Yanzu ma ba za ka ce komai ba?"

Na nemi magana. Na nema a Hausa, na nema a Faransanci.

"Gobe da safe zan zo darasi," na ce.

Ta rufe fuska da mayafi, ta gyaɗa kai.