Ƙafar Malam Tukur

"Malam Tukur tela, na kasuwar Shagari."

Da Rahama ta faɗi sunan, Mufida ta ɗago kai a hankali, domin sunan mahaifinta aka ambata.

Su shida ne zaune bisa tabarma a gidan Hafsat, yayar Bashar, a Bodinga. Biyar marubutan Zauren Gem ne, ɗan ƙaramin shafin intanet da Bashar mai gyaran waya ya buɗe don bayanin wasannin gem na waya da Hausa. Ta shida ita ce Mufida, mai neman shiga.

Shafin yana da ƙa'ida guda. Bashar ya gaji da masu kwaso bayanin Turawa su juye, sai ya ce duk mai son shiga sai ya koya wa wanda bai taɓa gem ba, ya zauna ya kalle shi, sannan ya rubuta abin da idonsa ya gani, da sunan mutumin da yardarsa. Wanda ya shigo na ƙarshe shi ke zaɓar wa sabo ɗalibinsa. Ismail ya koya wa kakarsa, Haliru ya koya wa wani mai sayar da albasa. Rahama ce ta ƙarshen shiga, kuma kowa ya san idonta ya daɗe yana kallon Bashar. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Rahama ta san abin da ta zaɓa. Lokacin da Bashar ya je gaishe da Malam Tukur, tsohon ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji maganar gem, sai ya ce wasa dai sunansa wasa ko an sa masa rawani, ya sallame shi ba e ba a'a. Tun ranar maganar aurensa da Mufida take rataye.

Bashar ya raka Mufida tasha. A hanya ya ce zai ɗage mata ƙa'idar, ai shi ya kafa ta.

"Hasken idona, kada ki ja mana abin da zai raba mu..."

"In na shiga ta taga, ta taga za a fitar da ni," in ji ta. "Ka bar ƙa'idarka yadda take."

Ta shiga motar Shagari.

Bayan azahar ta sami mahaifinta a zaure yana taka keken ɗinki. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara bai ɗaga ƙafa daga keken ba. Da ta gama ya ce ta miƙo, ya ga abin da ya cinye wa yaran zamani hankali, don gobe in zai yi faɗa ya san abin da yake wa faɗa. Gani ya kori ji.

Tseren mota ta buɗe masa. Ta nuna masa inda ake dannawa mota ta tafi, da yadda ake karkata waya ta sha kwana. Ya riƙe wayar kamar an ba shi jaririn wani. Motar ta ƙi motsi. Sai Mufida ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Ta duba ƙasa. Yatsansa bai danna komai ba, ƙafarsa ta dama ce ke taka daɓe, gaba da baya, yadda take taka keke tun kafin a haife ta.

"Wagga mota ta lalace," ya ce.

Ta ɗora yatsansa inda ya dace. Motar ta zabura ta daki katanga. Ya sake, ta faɗa rami. Duk sanda yake son gudu, ƙafar nan sai ta kama aiki. Ya zo na ƙarshe, ya ce a sake. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan bai ji ba tun rasuwar Inna, mahaifiyar Mufida. La'asar ce ta raba shi da wayar.

Da ya miƙe alwala sai fuskarsa ta koma yadda take.

"Kada in ji sunana cikin wayar mutane, ɗiyata. Ba ni zama abin dariyar kasuwa da furfurata."

Mufida ta rubuta abin da ta gani, ta ajiye, ba ta tura ba. Wa'adin da aka ba ta ya cika. Rahama ta tuna wa Bashar a gaban kowa cewa ƙa'ida ƙa'ida ce. Bashar ya ce Mufida ba ta shiga ba. Ita ta roƙe shi haka, amma zuciya ba ta da ƙashi. Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo ta amsa da kalma ɗaya. Daga baya shi ma ya daina nemanta.

Da Rahama ta tsaya nan, da ta ci riba. Sai dai mai gina ramin mugunta ba ya jin shawarar ya gina shi gajere. Ranar kasuwa ta ɗauki yadi ta tafi Shagari, ta kai wa Malam Tukur ɗinki. Cikin awo ta saka magana, wai ashe Baba ya iya tuƙi, ai Mufida ta rubuta labarinsa, an ce har da ƙafa yake tuƙa mota. Wannan kuwa daga bakin Hafsat ta tsinta, wadda Mufida ta yi wa kuka.

Malam Tukur ya naɗe yadin ya mayar mata, ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Ya rufe rumfa tun rana na tsaka ya nufi gida.

Ya kira Mufida zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta karanta masa abin da ta rubuta, kada ta tsallake ko harafi.

Ta karanta. Ta faɗi katangar, ta faɗi ramin, ba ta ɓoye ba. Sannan ta zo kan ƙafar. Ta rubuta cewa da farko ta so yin dariya, sai ta tuna ƙafar nan ita ta taka musu abinci, ta taka mata kayan makaranta, ta taka likkafanin Inna da kanta don bai yarda wani ya ɗinka ba. Ƙafar da hanya ɗaya ta sani ta ciyar da abu gaba, in ta ga abin da ya tsaya, dole ta tashi. Ta rufe da cewa masu ƙera gem sun yi wa yatsa wuri, sun manta da ƙafar tela.

Tsohon ya daɗe yana kallon keken.

"Mutane sun karanta?"

"A'a, Baba. Ka hana."

"To shi yaron, ya ɗauke ki?"

"Bai ɗauke ni ba."

"Duk da son da yake cewa yana yi miki?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga kan wayar.

Malam Tukur ya gyara zama. Ya ce a rayuwarsa ya ga masu manyan sana'o'i da ƙa'idarsu ke narkewa in sun ga fuskar da suke so. Wanda ya riƙe maganarsa a kan abin wasa, alhali zuciyarsa na ja da shi, zai riƙe ta a kan abin da ba wasa ba. Mai amana a ƙwai shi ake ba ajiyar kaza.

"Amma akwai ƙarya cikin rubutun ga," ya ce.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Kin ce kullum na ƙarshe nike zuwa. A tseren ƙarshen nan na wuce wata jar mota. Gyara, sannan ki tura. Ki sa sunana cikakke."

Ta gyara. Ta tura.

Wayarta ta yi ƙara kafin ta kai ɗaki. Bashar ne. Ta bari ta kusa katsewa, don ita ma tana da ƙa'idarta.

"Mufi... na karanta. Kin shiga."

"Ta ƙofa?"

"Ta ƙofa, rabin raina."

Ta ce to shi ma an buɗe masa tasa, Baba ya ce ya turo magabatansa.

An ɗaura aure bayan girbi. Rahama ta zo biki, ta ci shinkafa, ta yi murmushin da ya dace. Ba a kore ta daga shafin ba, kuma ba wanda ya taɓa tayar mata da maganar yadi. Malam Tukur har yau yana cewa wasa wasa ne, kuma bai yarda an saka masa gem a wayarsa ba. Sai dai duk ranar da surukin ya zo gaisuwa, ana gama gaisawa tsohon zai miƙa hannu ya karɓi wayarsa ba tare da ya dube shi ba.

Daga cikin gida Mufida takan jiyo daɓen zaure yana amsawa.

Ƙas, ƙas, ƙas.