Zaren da Boryana Ta Kasa Jefarwa

"Tsaya nan, Boryana. Kada ki ƙara ko taku ɗaya."

Boryana ta ƙame. Sun iso wurin da hanyar ƙolin dutsen Vihren ta tsuke, dama rami, hagu rami, ga dusar ƙanƙarar ƙarshen Maris ta yi laushi tana zamewa a ƙarƙashin takalmi. Shekara goma ke nan duk bazara sai sun hau dutsen nan su biyu, igiya ɗaya ɗaure a ƙugunsu, kuma kullum a nan tsoro yake kama Boryana. Ƙawarta Nevena ta fi kowa sanin haka, shi ya sa ta zaɓi wurin.

"Neve, wane irin wasa ne wannan? Ja ni mu wuce, ƙafata rawa take yi."

"Cire safar hannunki ta hagu."

"A cikin wannan sanyin? Kin haukace ne?"

"Na kusa. Cire."

Nevena ta kafa gatarinta na hawan dutse a cikin ƙanƙara, ta ɗora hannu a kan ƙullin igiyar da ke ƙugunta. Ba ta kwance ba. Ta dai bar ƙawarta ta ga inda yatsunta suke.

Kwana uku da suka wuce ta ga abin. A gidan biredi ne, Boryana ta miƙa hannu za ta karɓi banitsa, wainar nan mai cuku, hannun rigarta ya ja baya, sai ga martenitsa, zaren nan ja da fari da ake ba masoyi ranar ɗaya ga Maris. Kowa a garinsu Bansko yana da irinsa a hannu. Amma wannan murɗin hagu ne, da ɗan dutsen ado shuɗi a tsakiya, kuma duk garin bahaguwa ɗaya ce take murɗa zare haka.

Ita ta murɗa shi da hannunta, domin Kalin.

Kalin, ɗan ƙungiyar ceto na dutsen, ya nemi aurenta tun watan Fabrairu. Mahaifiyarsa Goggo Stoyanka, mai dafa abinci a masaukin da ke gindin dutsen, ta ce ita ba za ta haɗa jini da macen da ta fi akuya son hawa ba. Nevena ta ce masa ya ba ta lokaci, in zarenta ya iso hannunsa ranar ɗaya ga wata, to ta amince. Ana gobe ranar aka kwantar da babanta a asibiti a Sofiya, sai ta damƙa zaren a hannun aminiyarta ta tafi. Ta jira kiransa, shiru. Ta zaci ya karɓa ya bi maganar uwarsa, ta haɗiye baƙin cikinta, don ita ba mai roƙo ba ce. Bayan mako uku ta ji wai ranar Lahadi za a yi baikonsa da Boryana.

Kwana ukun nan ba ta yi kuka ba. Tana zaune tana wasa gatarinta.

Boryana ta zare safar da haƙoranta, hawaye na daskarewa a kumatunta. Zaren ya fito fili.

"Ban san kin iya murɗin hagu ba, ƙawata," in ji Nevena.

"Neve... don Allah..."

"Wa aka ce ki kai wa?"

"Kalin."

"Ɗaga murya, iska tana kwashe maganarki."

"Kalin! Kalin kika ce in kai wa."

"Sai me ya faru?"

"Na biya ta masauki, ba ya nan. Goggo Stoyanka ta gani a hannuna. Ta ce in yi shiru, in ce masa ba ki ba ni komai ba, ita kuma za ta san yadda za ta juyo da shi wurina. Neve, tun muna makaranta nake son sa. Ke ba ki taɓa lura ba, ba kya lura da kowa sai kanki."

Maganar ta soki Nevena, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma yau ba ranar tausayi ba ce.

"To me ya hana ki jefa shi a kogi? Ɓarawon kirki ba ya yawo da kayan sata a jikinsa."

Boryana ta zaro ido duk da halin da take ciki.

"In jefar da martenitsa? Kina so masifa ta bi ni shekara guda? Jira nake in ga shamuwa ta farko in ɗaure shi a bishiya kamar kowa... Bana sun yi latti."

Nevena ta yi dariya marar daɗi. Yarinya ta ci amanar shekara goma ko gezau, amma tana tsoron ɗan zare.

"Lallai shamuwa ta yi mini rana."

Ta buɗe ɗayan hannunta a hankali. Oba-obar da take magana da masauki ce a ciki, babban yatsanta a danne kan maɓallin tun daga kalmar farko. Ta sake shi. Na'urar ta yi ƙara, sai muryar Kalin ta fito.

"Neve... Neve, kina ji na? Mun ji komai. Mu bakwai ne a nan, har da Mama. Don girman Allah kada ki taɓa igiyar nan."

Ta kalli ramin, ta kalli Boryana. Zuciyarta ta raya mata abu, kuma ba za ta yi ƙarya ta ce bai yi mata daɗi ba na ɗan lokaci. Sannan ta ɗauke hannu daga ƙullin.

"Ban taɓa barin kowa a kan dutse ba," ta ce da na'urar. "Ba zan fara da wadda ba ta kai ba."

Ta jawo Boryana taku-taku har suka tsallake. Ƙolin yana gabansu kaɗan, rana ta haske shi fari tas. Nevena ta miƙa tafin hannunta, Boryana ta kwance zaren ta ajiye mata. Suka taka ƙolin, suka juyo.

La'asar sakaliya suka iso masauki. Mutane sun yi cirko-cirko a waje. Goggo Stoyanka na bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye idonta.

"Sannu da aiki, Goggo," in ji Nevena. "Akuyar ta sauko."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, tsohuwar ta shige kicin.

Kalin ya taho da sauri, idanunsa jajur.

"Masoyiyata, ki yafe mini. Na jira ranar nan tun safe har..."

"Ka jira. Wayarka ta faɗa rijiya ne? Mako uku, Kalin. Kira ɗaya ya ishe ka ka san gaskiya."

"Na zaci kin ƙi ni. Ke ma ai ba ki kira ba."

"Ni na aiko da amsata. Kai kuwa da ka ji shiru sai ka miƙa wuya aka ja ka kamar rago."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi ya daɗe a haka, sai da ta ga ya ji a jikinsa, sannan ta kamo hannunsa ta ɗaura masa zaren, ta ja ƙullin har ya cije leɓe.

"Ya yi tsauri, Neve."

"Haka nake so. Kuma mahaifiyarka ce za ta zo gidanmu da ƙafarta ta nema maka aurena."

"Za ta zo. Ko goya ta zan yi."

Sai a lokacin hawayen kwana uku suka zubo mata, ya rungume ta, ta bar shi.

Boryana na tsaye a gefe, har yanzu igiyar na haɗe da ƙugunsu, ba wadda ta tuna ta kwance. Nevena ta share fuskarta, ta zaro wuƙa daga aljihu.

"Neve, shekara goma fa..." in ji Boryana.

"Na ƙirga su duka a hanyar saukowa."

Ta yanke igiyar a tsakiya, ta naɗe rabin ta miƙa mata.

"Riƙe rabonki. Wannan kam kina iya jefarwa."