Turancin Mai Gyaran Waya

"Kai ka rubuta wannan?"

Malama ta dire wayarta a kan teburin gilashi da ƙarfi, har ƙananan kusoshin da ke cikin murfin kwalba suka yi tsalle. Injiniya ya ɗago kai daga wayar da ya farke, ƙarfen liƙi yana hayaƙi a hannunsa.

"Ko sallama babu, ranki ya daɗe?"

"Ba wasa ya kawo ni ba! Kai ka rubuta?"

Ya ajiye ƙarfen, ya jawo wayar. Hoton wani rubutu ne da Turanci, da sunansa da fuskarsa a sama, kamar daga shafinsa aka ɗauko. Tun safe yake yawo a guruf ɗin danginta. Layi shida ne, duk zagin dattawan da ke bin ɗan takarar jam'iyya mai mulki, sannan aka ware wani tsohon hedimasta da ya sayar da mutuncinsa don kawai a riƙa ba shi lasifika a taro yana fasa Turanci.

Tsohon hedimasta ɗaya ne a unguwar. Mahaifinta.

"Ban rubuta ba," ya ce.

"Ga sunanka! Ga hotonka!"

"Na gani. Na ce miki ban rubuta ba."

"Baba ya aika wa kawunnanka kada su zo neman aurena ranar Asabar. Ka ji? Shekara uku ina lallaɓa shi... shekara uku! Saura kwana huɗu ka ɓata komai saboda bakinka ba ya iya yin shiru!"

Ta juya fuska wajen bangon da ya rataye cajoji da kwasfan waya, don kada ya ga hawayen.

Abin da ya sa ta gaskata, ita ma ta san halinsu, shi da Baba. Kullum bayan la'asar Baba yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefe, kuma tun da Injiniya ya fara zuwa gaisuwa ba su taɓa rabuwa ba tare da gardama ba. Sun yi ta a kan sunan Injiniya kansa, Baba ya ce a Turancin ƙwarai ba a kiran mai gyaran waya da wannan suna sai wanda ya yi jami'a. Sun yi ta a kan waya, Baba ya ce ita ta kashe wa yara rubutu. Juma'ar da ta wuce kuwa abin ya yi zafi. Baba yana yabon jawabin ɗan takararsa, yana cewa rabon da ya ji Turanci mai tsabta haka tun yana aji, sai Injiniya ya ce, "Baba, ai Turanci yare ne, ba ilimi ba. Ba ya kawo wuta, ba ya kawo ruwan famfo." Baba ya kashe rediyo, ya naɗe tabarmarsa tun rana ba ta faɗi ba.

"Kin yarda ke nan?" Injiniya ya tambaya a hankali.

"To me zan yi? Ba kai ka faɗa masa magana ranar Juma'a ba?"

"A gabansa na faɗa. Da ladabi na faɗa."

"Masoyi, in fushi ne ya ɗebe ka, ka faɗa mini. Mu je ka durƙusa masa, ni zan..."

"In durƙusa a kan abin da ban yi ba?"

Ya tura mata wayar har gabanta, ya sake ɗaukar ƙarfensa.

"Ki gaida gida, Malama."

Malama! Rabon da ya kira ta haka tun farkon haɗuwarsu, ranar da ta kawo masa wayarta ta faɗa ruwa, ta tsaya tana gyara masa rubutun allon shagonsa. Ta fizgi wayar ta fita, ƙafarta na harɗewa da bakin ƙofa.

Washegari a ofishin malamai ta tasa littattafan ɗalibai arba'in a gaba, ta kasa duba ko ɗaya. Ta buɗe hoton nan karo na ba adadi. Wannan karon, don sabo, da jan biro a hannu ta karanta shi, tana bin layi kamar aikin ɗalibi.

Layi na ɗaya, babu kuskure.

Na biyu, babu.

Ta gyara zama.

Mutumin da har yau in zai rubuta kalmar uba da Turanci da harafin pi yake fara ta? Mutumin da ke kiran Umma "shi" a saƙo, ya kira ƙanensa "ita"? Wanda bai taɓa sa waƙafi ba sai dai ya jera ɗigo bakwai? Shekara uku tana karanta saƙonninsa, ba ta taɓa ganin layi ɗaya ya fita lafiya ba. Ga layi shida nan tas, kamar an wanke.

A layi na biyar ta tsaya cak. Akwai wata tsohuwar kalma mai tsawo, ma'anarta taurin kai, wadda ko a littattafan yanzu ba ta cika gani ba. A bakin mutum ɗaya ta san ta. Da wannan kalmar Baba ke yi musu faɗa tun suna ƙanana, ita da duk wanda ya tashi a gidan.

Kuma mutum ɗaya ne ya tashi a gidan ban da ita da ƙannenta mata: ɗan Goggo, wanda yanzu ake kira Kakaki, saboda shi ke yi wa ɗan takarar Baba rubuce-rubuce a waya. Bara ya nemi aurenta ta ce a'a. Shi ne kuma ya fara tura hoton a guruf, da 'yar alamar kuka a ƙasa.

"Innalillahi..." ta ce, ta dafe goshi.

Ko tashi ba a yi ba ta nemi izini ta koma gida. Ta tarar da Baba a falo yana goge tabarau, Umma tana ninke wanki a kan kujera.

"Baba, ba shi ya rubuta ba."

"Shi ya aiko ki?"

"Ko magana ba ya yi mini. Baba, ka duba Turancin. Babu kuskure ko ɗaya! Ai ka san nasa."

"Na sani, har ciwon kai yake sa ni." Ya mayar da tabaran. "Amma wane zamani muke? Ba ke kika ce mini yanzu waya na gyara wa mutum rubutu ba? Ka zuba mata shirme ta fito maka da jawabi. Shi da ke kwana cikin wayoyi?"

"Amma Baba..."

"Tsaya. In shi ya rubuta, ya zage ni. In kuma hujjarki ita ce ba zai iya ba, to kina gaya mini 'yata, malamar Turanci, za ta auri wanda bai iya haɗa layi shida ba. Zaɓi ɗaya."

Ta ji kamar ta kurma ihu. Duk ƙofar da ta taɓa sai ya rufe ta da dabara, kamar tana gaban allo.

"Wallahi Baba ba ka yi mini adalci! Ba malamin makaranta nake nema ba, miji nake nema! Da wayarka ta ƙi kunnuwa da lambobin abokanka duka a ciki, wa ya zauna yini guda ya dawo maka da su? Da wane yare ya yi?"

"Da ni kike?"

Ta durƙusa nan take. "Ka yi haƙuri." Ta miƙa masa wayar da hannu biyu. "Layi na biyar kawai. Wannan kalmar, wa ke faɗinta ban da kai? Wa ya koye ta ban da wanda ya ci bulala a kanta a gidan nan?"

Baba bai karɓa ba.

"Waya ma ta san kalmar," ya ce, amma muryar ta sauka.

Umma ta ajiye zanen da take ninkewa.

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Ke kuma me ya kawo ki ciki?"

"Ni ban iya Turanci ba, amma na iya ka. Jiya ina kallonka kana karantawa. Ka zo wani wuri ka tsaya, ka cire tabarau, ka daɗe kana kallon ƙasa. Tun jiya ka san ko wane ne."

Malama ta dubi mahaifinta, shi kuma ya dubi taga.

"Ɗan ƙanwata ne," ya ce daga baya. "Ni na yaye shi. In na tona, ita da ni mun rabu ke nan."

"Ni kuma 'yar wa ce, Baba?"

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya miƙa mata.

"Kira mini shi. Ni ba na ganin sunayen nan."

Kafin la'asar Kakaki ya iso, da hular jam'iyya da waya biyu a hannu. Ya fara da rantsuwa, ya koma cewa shi ma turo masa aka yi. Baba ya ce ya nuna wanda ya turo. Ya lalubi wayar farko, ya lalubi ta biyu, gumi ya keto masa. Ƙarshe ya yi 'yar dariya.

"Kawu, ai siyasa ce. Kowa na yi. Yaron nan fa kullum a shagonsa sukar ɗan takararmu yake, ni dai na taimaka maka ka ga..."

"Da bakinka ka kira ni wanda ya sayar da mutuncinsa."

"A'a, ai da sunansa ne..."

"Da Turancin da na koya maka!" Baba ya miƙe. "Fita. Fita kafin in faɗi abin da uwarka ba za ta yafe mini ba."

Ko awa ba a yi ba Goggo ta bugo tana kuka, tana cewa an fifita bare a kan jini. Baba ya saurara har ta gama, ya ajiye wayar.

Malama ta yi zaton shi ke nan. Amma da ta ce ya kamata a wanke Injiniya a inda aka ɓata shi, sai Baba ya ce shi bai iya rubutu a wannan abin ba, kuma babba ba ya bin yaro da ban haƙuri. Suka yi ta ja har kwana ya juya. Sai ranar Alhamis da hantsi ya kira ta, fuska a murtuke, ya ce ta nuna masa inda ake dannawa a yi magana.

Da azahar tana tsaye a ƙofar shagon.

"Salamu alaikum."

Injiniya ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Na san ba kai ba ne."

"Ni ma na sani."

"Kakaki ne."

"Tun a minti na farko na gane. Agogo da alamar batir da ke saman hoton irin na wayarsa ne, ni na sauya mata gilashi watan jiya."

"Ka sani?! Ka bar ni kwana biyu ina kuka? Me ya hana ka faɗa?"

Sai yanzu ya dube ta. Idanunsa sun yi ja.

"Kin tambaye ni ne? Hukunci kika zo da shi. To ke yaya aka yi kika gane?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu... babu kuskure a ciki."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba.

"Ai na sani. Jahilcina ne ya cece ni, ba halina ba."

"Haba, masoyi..."

"Shekara uku kina gyara ni. A gaban ƙawayenki, a gaban masu kawo gyara. In turo miki saƙo na ce ina kewarki, ki maido mini da shi kin gyara harafi biyu. Ina dariya, amma yana shiga. Ni a aji uku na bar makaranta da mahaifina ya rasu, kin sani."

Wannan ta fi zagin Kakaki zafi, don gaskiya ce. Hawaye suka zubo, ba ta ɓoye ba.

"Na yi kuskure. Na ɗauka wasanmu ne... ban san ina yanka ka ba. Kuma da ka ce ba kai ba ne, ya kamata maganarka ta ishe ni. Ka yafe mini, don Allah."

Ya juya ƙaramin sukundireba a yatsu.

"Ko na yafe, danginki gaba ɗaya sun ɗauke ni marar tarbiyya."

"Saurari wannan."

Ta ajiye wayar a kan gilashin, a hankali wannan karon, ta danna saƙon muryar da Baba ya tura guruf. Aka ji gyaran murya sau biyu, sannan muryar taron makaranta, da Hausa zalla. Ya ce rubutun nan ƙarya ne, an ƙirƙira ne, yaron nan ba shi da laifi, kowa ya goge, kuma maganar Asabar tana nan. Ya rufe da wassalamu.

Amma saƙon bai ƙare ba. Baba bai san ana ɗage yatsa ba.

Aka ji motsin kujera, aka ji Umma daga nesa tana cewa, "Ka ga, ba ka mutu ba." Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa, irin ta cikin gida:

"Yaron yana da gaskiya ma a maganar wutar nan. Kuma ya fi mini ɗan ƙanwar tawa sau goma. Amma in kika gaya masa ban yafe ba... Ke, zo ki duba, me ya sa abin nan yake ta ƙirga lamba?"

Injiniya ya toshe baki. Kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har ya kifa kai a kan teburin.

"Mutum nawa ne a guruf ɗin?" ya tambaya yana share ido.

"Sittin da uku."

"Ya sani?"

"Har yanzu babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa."

Ya miƙe, ya zare filogin ƙarfen liƙi, ya jawo mata kujerar da ke kusa da tasa.

"Zauna, hasken idona, ki share fuskar nan. Sake kunna mana daga wajen wassalamu."