Dunƙulen Farko na Ramin Tama

Ran Alhamis, sha huɗu ga Maris, 1991, ƙarfe shida da minti ashirin na yamma. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Tun kafin a kafa masana'antar ƙarfe, garinmu garin maƙera ne. Kakanni suna da al'ada: ranar da aka hura tanderu, dunƙulen ƙarfe na farko ba na mutum ba ne. Ana jefa shi a tsohon ramin tama da ke bayan dutse, rabon masu wurin. Da masana'anta ta zo, leburori suka ci gaba da yi a ɓoye. Ni da na yi makarantar mishan, dariya nake yi musu.

Sai aka kawo mana sabon heluma, wato shugaban leburori, Tsalha. Ƙarfen narkawa ya yi ƙaranci, ya ce a kwaso na ramin. Abin da kaka da kakanni suka bayar, wai a zuba a wuta a yi rodi da shi. Tir! Kowa ya ƙi, sai ƙanena Yunana, don an ce masa ko ya je ko ya bar aiki. Na raka shi.

A yammacin Alhamis ɗin nan, muna dawowa da baro cike, sai wari ya tare mu, kamar gashi da nama a kan garwashi. Sannan muka ga tsoho tsaye a hanya, sanye da warki.

"Sannunku da aiki, samari."

Muryar tana fita da huci, kamar zugazugi.

"Yauwa, Baba."

"Kayan wa?"

"Na kamfani," in ji Yunana.

Tsohon ya miƙo hannu. Yunana mai ladabi ne, ya ba shi nasa.

Na dubi ƙasa. Ƙafafunsa ba ƙafafu ba ne. Kashin maƙera ne, dattin da ke fita daga narkakken ƙarfe, baƙi, mai ramuka, jan ruwa na tsattsafowa daga ciki. Ciyawar da ya taka tana hayaƙi.

"Yaya Istifanus," Yunana ya ce a hankali. "Ba ya saki."

Fatar hannunsa tana ƙara kamar mai a kasko. Na shiga roƙon tsohon.

"Baba, ka yi wa Allah."

"Kun ci naku," in ji tsohon. "Nawa kuma?"

Na juya baro da gudu, na juye shi a ramin. Bai saki ba. Na bi hanya da rarrafe ina lalube, na tsinto guda uku da suka faɗi. Na ƙarshe yana shiga, na ji Yunana ya zube. Babu kowa a gabansa.

Ya rayu. Amma hannun ya yi baƙi, ya yi nauyi. Duk damina yana tsatsa, yana zubar da ɓawo ja mai ƙarni, har an ware masa kwanonsa a gida. Tsalha ya ce sakaci ne, ƙunar aiki ce. Washegarin abin ya ɗauki baro ya tafi ramin da kansa. Baron kaɗai aka samu.

Kada ɗayanku ya bi bayan dutsen nan shi kaɗai. In an miƙo muku hannu, ku fara duban ƙasa.

Bayan shekara biyu aka kashe tanderu, jama'a suka watse. Waɗanda suka rage a unguwar ma'aikata: ni; Yunana da hannunsa; Kande mai abinci, wadda ta makance; da matar Tsalha, da ta ƙi tashi.