Motar da Ta Cinye Ranar Biki

Ƙafafunta kawai ake gani, da bakin zanenta da ya sha ƙasa. Sauran jikin Siddiƙa yana ƙarƙashin motar, tana haska ƙarafa da fitilar wayarta.

"Siddiƙa, don Allah fito," Aghali ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba su taɓa ganin mace ba ne?"

Ta jawo jiki ta fito, ta kakkaɓe gwiwa, ta dubi motocin guda biyu da ke jere a filin sayar da motoci na Alhaji Habibullahi, bakin hanyar Akokan a garin Arlit. Kat-kat ne farare, irin masu ratsa daji, na kamfani ɗaya. Ta hagu samfurin shekara uku da suka wuce, ta dama kuwa ta bana, wadda aka sake wa fuska: fitilu sirara, baki mai walƙiya, da allon ekiran a gaban direba.

"Inji ɗaya ne, Aghalina," ta ce. "Filtir ɗaya, birki ɗaya, amortisa ɗaya. Na karanta lambobin da idona. Kwalliya kawai aka yi mata."

Ba cika baki take ba. Shekara tara ke nan tana tsaye a kantin kayan gyaran mota na mahaifinta, Malam Ramalan mutumin Damagaram, har makanikai ke zuwa da ƙarfe a hannu su ce ta faɗa musu sunansa.

Alhaji Habibullahi ya yi murmushi daga inuwar rumfarsa yana kaɗa makulli. Sau biyu yana aika neman auren Siddiƙa, sau biyu ana mayar masa da goronsa, shi kuwa mutum ne da ba ya manta abin da aka hana shi.

"Gaskiyar Hajiya ƙarama," ya ce a hankali. "Amma masu kontira ba sa shiga ƙarƙashin mota. Takarda suke dubawa. In aikin haƙar ma'adinai ya tashi a Imouraren, samfurin bana kaɗai za su ɗauka haya, duk wata biya. Tsohuwar kuwa sai dai lodin albasa."

Idon Aghali ya kawo haske.

Ita kuwa ta san wannan hasken.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin motocin nan biyu ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne daidai abin da Aghali ya ware na sadaki da akwati da gyaran ɗaki. In ya ɗauki ta hagu, ya sami mota ya sami mata. In ya ɗauki ta dama, biki ya tashi, karo na uku ke nan.

Aghali mutumin Abzin ne, dogo, mai sanyin murya, Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa bas ɗin ma'aikata, har ranar da aka rufe ramin ma'adinan Akokan aka sallame su. A shekarar aka sa musu ranar biki ta farko shi da Siddiƙa, sallamar ta ture ta. Ta biyu kuwa cutar mahaifiyarsa ta cinye. Siddiƙa ta yi haƙuri duka biyun. Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, wasu suka bar garin, tana nan tana miƙa wa makanikai filtir.

Suka fito daga filin, rana ta take. Sai da suka kai gindin wata bishiyar da ta rage a bakin hanya ta tsaya.

"Ka ji abin da Baba ya ce ko?"

"Na ji."

"Faɗa mini, in tabbatar ka ji."

Ya gyara rawaninsa. "Bayan Babbar Salla zai rufe kanti ya koma Damagaram. In an ɗaura, ki zauna. In ba a ɗaura ba..."

"In bi su."

"Masoyiya, saurara. Wannan mota sabo, in ya shiga kontira, wata shida na mayar da kuɗin. In yi miki biki wanda Arlit bai taɓa gani ba. Tsohon kuwa kullum hanyar Agadez, kullum rami, kullum bayana na ciwo. Na gaji da tuƙa motar mutane, na gaji da lodin albasa."

"Ni ma na gaji, Aghali."

Ya dube ta.

"Ina aji uku a lakwal na fara jin za a buɗe Imouraren. Saboda ita Baba ya ƙara faɗin kanti. Ya tsufa yana jira. Garin nan duk wanda ka taɓa, jiran wani rami yake. Ni ban ce ka kawo mini bikin da ba a taɓa gani ba. Wanda aka saba gani ma ya ishe ni."

"Kin raina ni."

"Da na raina ka, da ban shiga ƙarƙashin mota a gaban maza saboda kai ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka ta ci nasara. Wanda ke so ai haka yake, shiru kaɗan sai ya fassara shi da amincewa.

Da yamma a kanti, Malam Ramalan yana jera kwalayen da za a mayar wa dillalai, ya tambaye ta ba tare da ya juyo ba.

"Wacce ya ɗauka?"

"Bai yanke ba tukuna, Baba."

"Hmm." Ya ɗaure kwali. "Ni ban ƙi yaron nan don yarensa ba, kin sani. Yana da kunya, yana da salla. Amma mutum ne da gobe ta fi masa yau daɗi. Irinsu na san su, don ni ma haka nake. Tambayi uwarki."

"Baba, zai ɗauki tsohuwar."

"Allah ya sa."

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ta ji hon a ƙofar kanti. Wani irin hon mai taushi da ba ta saba ji ba. Tun kafin ta ɗago kai jikinta ya ba ta.

Ga ta nan, fara sol, ledar kujeru ma ba a cire ba. Makanikai sun bar aikinsu sun kewaye ta, wannan ya shafa fitila, wancan ya leƙa ekiran. Aghali ya fito yana murmushin da bai kai ido ba.

"Abar ƙauna, zo ki gani..."

Ba ta motsa daga bayan kanta ba.

"Alhaji ya ce wani daga Agadez na zuwa da kuɗi, in ban ɗauka jiya ba ya wuce ni. Kuma ya yi alkawari shi da kansa zai kai sunana wurin masu kontira."

"Alhaji Habibullahi."

"Shi."

"Mutumin da ya nemi aurena sau biyu, shi ne ya damu da arzikinka."

"Siddiƙa, kasuwa daban, wannan daban."

Ta so ta yi kuka, ta so ta yi ihu, ta so ta ɗauki ƙarfe ta fasa fitilar nan mai siririn ido. Ba ta yi ko ɗaya ba. Gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin ta wanda ya ɗebo ruwa daga nesa tulun ya fashe a ƙofar gida.

"Allah ya sanya alheri," ta ce. "Ya tsare hanya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me ya rage?"

Wani makanike ya miƙo tsohon bel yana tambayar irinsa. Ta karɓa ta juya ciki nema.

Aka yi Salla, aka ci nama, ranar da aka sa ta zo ta wuce kamar kowace Asabar. Cikin makon ne rediyo ya faɗa cewa an janye izinin haƙa a Imouraren. Masu shayi suka yi ta gardama a kan abin da zai biyo baya, amma kowa ya yarda da abu ɗaya: babu mai ɗaukar mota haya a bana.

Aghali ya koma filin Alhaji da motar. Alhaji ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsotsi haƙori, ya ce motar da ta taka titi ai ta zama ta hannu, ya yi mata tayin da bai kai kuɗin tsohuwar ba. Da la'asar ɗin ranar kuma ya aiko da goro gidan Malam Ramalan, karo na uku.

Siddiƙa da kanta ta ɗauki ƙullin ta miƙa wa ɗan aiken.

"Ka ce masa na gode. Ka ce ya riga ya ci ribarsa, kada ya haɗa da ni."

Kayan gida suka bi kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ya rage su uku, ita da Baba da Inna Hansai, wadda ƙugunta ba zai jure bas a kan ramukan hanyar Agadez ba. Siddiƙa ta ɗauki waya.

"Aghali, gobe da safe muna son mota zuwa tashar Agadez."



"Ni zan kai ki?"

"Ban san direban da ya fi ka ba."

Haka ta zama su ne fasinjojin farko na sabuwar mota. Baba a gaba, ita da Inna a baya. Suka wuce tulin ƙasar ma'adinai, suka wuce shingen sojoji, kwalta ta ƙare, ta dawo, ta sake ƙarewa. Aghali yana kauce wa ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Inna ta yi barci tun kafin su yi nisa.

"Ba laifi," Malam Ramalan ya ce yana shafa kujera. "Tana da daɗin zama."

Sau uku idonta da na Aghali suna haɗuwa a madubi, sau uku tana kawar da kai. Tana sonsa, wannan ba ta taɓa shakka ba. Ko a lokacin, bayan wuyansa kawai take kallo.

Suka isa Agadez bayan azahar. Bas ɗin Damagaram na lodi. Aghali ya sauke jakunkuna, ya riƙe Inna har ta hau. Baba ya ciro kuɗin mota, ya ƙi karɓa, har da rantsuwa.

Siddiƙa ta tsaya a gefen motar.

"Baba, ba ni minti biyar."

Dattijon ya dube su, ya matsa gefe yana jan carbi.

"Aghali."

"Na'am, masoyiya."

"Nawa ne a aljihunka?"

"Na mai ne kawai, da ɗan abin da..."

"Ya isa. Jiya na yi magana da Baba, ya yarda. Ga masallaci can, ga liman, ga mutane cike da tasha. A ɗaura yanzu da abin da ke aljihunka. Ba na son akwati, ba na son gado. In koma Arlit tare da kai a motar nan, mu yi lodin albasa."

Idonsa ya cika.

"A tasha? Siddiƙa, ke? Me dangina za su ce, na ɗauko 'yar mutane kamar kaya? Me Alhaji zai ce? Wallahi kin fi haka a wurina."

"Na sani. Ni dai na tambaye ka ne."

"Ba ni shekara guda. Guda tak! In yi aiki da shi, in tara, in zo Damagaram da mutanena, da raƙuma, a yi shi yadda ya kamata..."

Ta dube shi sosai. Ba ƙarya yake ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Har cikin ransa ya yarda da shekarar nan, kamar yadda ya yarda da waɗanda suka wuce.

"Yau nake da ita, Aghalina," ta ce a hankali. "Ba ni da shekara."

"Siddiƙa..."

"Ka riƙa canja mata filtir a kan lokaci. Na tsohuwar yana shiga, kada wani ya cuce ka."

Direban bas ya danna hon. Baba ya riga ya hau, yana tsaye a bakin ƙofa, ya bar mata hanya ko ta shiga ko ta tsaya. Ta ƙara ba Aghali numfashi uku, tana ƙirgawa a ranta. Ya tsaya da makulli a hannu, hawaye na shiga cikin rawaninsa, bai ce a kira liman ba.

Ta hau.

Kujerarta ta taga ce, a ɓangaren da yake tsaye. Ta roƙi wata tsohuwa suka yi musaya.