Wadda Ta Gaya wa Hajiya Gaskiya

"Kar ki faɗa mata."

Da harshen mutanen ƙasar da suke baƙunta Injiniya ya yi maganar, don kada mahaifiyarsa ta ji.

Auta ta ɗago ta dube shi. Shekara biyu suna tare, ba ta taɓa ganin idon Injiniya ya kaɗa ya yi ja irin na yau ba.

Su biyar ne a ɗan ƙaramin ofishin. Likita yana bayan tebur da hoton ciki a hannunsa. Hajiya, mahaifiyar Injiniya, tana zaune da carbinta, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. A bayanta 'yar ƙanwarta ce tsaye, wadda ta riƙe tun tana goye, yanzu kuma ta rako ta jinya. Sai Injiniya jingine da ƙofa. Sai ita Auta, tafintar asibitin, a kujerar da ke tsakanin likita da mara lafiya.

"Ke yarinya," in ji Hajiya ba tare da ta kalle ta ba, "me mutumin nan yake cewa? Na ga bakinsa ya daɗe yana motsi."

"Don Allah..." Injiniya ya sake cewa. "Ki ce za a ƙara mata magani. Shi ke nan."

Likita ya girgiza masa kai, ya ce jikinta ne, ita ke da haƙƙin ji.

Auta ta yi rantsuwa ranar da aka ba ta wannan aiki cewa ba za ta rage ba, ba za ta ƙara ba. Amma ranar ba ta san za a kawo mata uwar wanda take so ba.

"Hajiya," ta ce a hankali, "ya ce ciwon ya bar inda yake, ya kai hanta. Ya ce aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Za su ba ki abin da zai rage zafi."

"Saura nawa?"

Auta ta tambayi likita. Ya amsa. Ta juyo ga Hajiya.

"Ya ce sani sai Allah. Amma a nasu lissafin, watanni ne kaɗan."

'Yar riƙon ta ƙwalla ƙara, "Ƙarya kike yi! Wallahi ƙarya take yi, Hajiya!"

Hajiya ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba da jan carbi.

Injiniya ya buɗe ƙofa ya fice.

Shekara biyar ke nan da Auta ta sauka a ƙasar nan da akwati guda da takardar shiga makaranta. A gida ita ce 'yar lelen Umma, ko tsintsiya ba a bari ta daɗe a hannunta. A nan ta koyi linke zannuwan gado a ɗakin wanki na ƙarƙashin asibitin, tun asuba har azahar, sannan ta ruga aji da hannuwa duk sun tsage. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar tafinta. A na uku ta ci. Yanzu saura wata uku a tabbatar da ita a aiki, a ba ta takardar zama mai tsawo.

A asibitin ta haɗu da Injiniya. Lif, na'urar hawa bene, ya maƙale da ita wata ranar Talata, wuta ta ɗauke, ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku!"

Sai ta ji murya daga sama da Hausa tsantsa, "Ba ki kai uku ba tukuna, Malama. Tsakanin hawa na ɗaya da na biyu kike."

Kuka take yi, sai ga ta tana dariya.

Shi ne mai gyaran lif na kamfanin da ke kula da ginin. Tun daga ranar, in ta tashi aiki yana bakin tashar bas yana jiran ta, da baƙin mai a farce da lema a hannu. Ya yi wa Umma magana ta waya, Umma ta sa albarka. Hajiya ce ta ƙi.

"Budurwar da ke zaune ita kaɗai a ƙasar mutane, ba uwa ba uba? Wa ya san shigarta, wa ya san fitarta?"

Ranar da Hajiya ta iso jinya, Auta ta je har masauki ta durƙusa ta gaishe ta. Bango Hajiya ta kalla ta amsa.

Da yammar ranar da suka ga likita ta sami Injiniya a bayan asibitin, inda ake ajiye motocin ma'aikata. Yayyafi ake yi, bai ko buɗe lemar ba.

"Masoyi..."

"Kar ki kira ni haka yau."

"Me kake so in yi? In yi mata ƙarya a gaban likita?"

"Uwata ce!"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Da Umma ce a kujerar nan, da haka za ki zuba mata magana kamar mai karanta jarida?"

Hawaye suka zubo mata. "Kana ganin daɗi na ji? Kowace kalma sai da ta yanke ni kafin ta fito."

"Amma ta fito."

Ya juya ya tafi. Ta tsaya tana kallon bayansa har rigarta ta jiƙe.

Kwana biyu bayan haka shugabar sashe ta kira ta ofis. Mace ce mai furfura da tabarau, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa zaluntarta ba. Ta tura mata takarda.

Ƙara ce. An rubuta cewa tafinta tana neman ɗan mara lafiya da aure, uwar ta ƙi, shi ya sa ta ƙara gishiri a maganar likita don ta karya wa tsohuwa zuciya. A ƙasa, sa hannun 'yar riƙon Hajiya.

"Gaskiya ne kin san su?"

"Gaskiya ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni kaɗai ce mai jin Hausa a nan. Da na ƙi, wa zai yi mata?"

"Ba ke za ki yanke wannan ba." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ki zauna a gida har mu bincika. Ba zan ɓoye miki ba, maganar tabbatar da ke ta tsaya."

Kwana goma sha ɗaya ta yi a ɗakinta na hawa na huɗu, mai taga guda da ke kallon bangon wani gini. Ta wanke labule, ta sake wankewa. Wayar Injiniya ba ta shigo ba. In Umma ta kira, sai ta gyara murya.

"Auta, muryar nan ba taki ba ce."

"Mura ce, Umma."

"Murar da ke sa mutum ajiyar zuciya? Ki dawo gida mana, 'yar nan. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi."

"Umma, shekara biyar..."

"To. Allah ya yi miki zaɓi."

A rana ta sha biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ne. Ya bar gemu ya taru, kayan aikinsa sun yi masa yawa.

"Hajiya tana kiran ki."

"An hana ni shiga."

"Ba aiki ba. Dubiya." Ya sunkuyar da kai. "Kwana uku ke nan ba ta yarda kowa ya yi mata tafinta ba. Duk abin da likita ya faɗa, in na juya mata, sai ta ce in rufe mata baki."

Ta sami Hajiya a gadon da ke kusa da taga, an ɗaura mata ruwa. 'Yar riƙon na ganin ta ta miƙe tana hura hanci.

"Fita," in ji Hajiya. "Kai ma fita."

Suka rage su biyu.

"Matso nan."

Auta ta durƙusa a gefen gadon.

"Tashi ki zauna, gwiwarki za ta yi sanyi." Hajiya ta daɗe tana dubanta, karo na farko. "Ɗan nan nawa tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba, kunnensa ke motsi. Kullum sai ya ce min likita ya ce da sauƙi. Ni da jikina? Tun kafin in hau jirgi na san abin da ke cikina. So nake in sami mai gaya min, in san yadda zan shirya."

Auta ta fashe da kuka.

"Jiya na ji abin da waccan ta yi miki. Ni na raine ta, ni na sa mata rai da shi tun tana yarinya, laifin nawa ne. Na sa an kira mai tabarau ɗin, an haɗa mu da wani tafinta ta waya, na gaya mata ba ki ƙara min ko wasali ba." Ta lalubo hannunta. "Na zarge ki ban san ki ba. Ki yafe min."

"Hajiya, ba ki yi min komai ba..."

"Na yi. Saurara. Gida zan koma, ba zan mutu a inda ba a jin salatina ba. Shi kaɗai ne namiji, ƙannensa huɗu mata, ga shagon mahaifinsu a rufe tun rasuwarsa. Ba zai dawo nan ba, ya yi min alkawari. In kina son sa, ki biyo mu. Na amince. A ɗaura ina da rai."

Abin da ta shekara tana roƙon Allah a kai ke nan. Ga shi an miƙo mata, ta rasa abin da ya sa ƙirjinta ya yi nauyi.

Washegari shugabar sashe ta kira ta. Gargaɗi a rubuce, sannan ta koma aiki. Watanni ukunta na nan.

Ranar Asabar da hantsi ita da Injiniya suka zauna a bencin tashar bas ɗinsu. Ya roƙe ta gafara, ta ce ya wuce. Fuskarsa ta washe kamar ta da.

"Jirgi ranar Alhamis ne. Na duba, akwai kujera. In kin ga ya yi kusa, ki biyo mu bayan sati biyu. Akwai ɗakuna biyu a saman shagon, zan sa a yi fenti..."

"In na tafi yanzu, takardata ta mutu."

"To me za ki yi da ita, tauraruwata? Gida fa za mu."

Ta kalli tafin hannunta, inda tabon ruwan zafin ɗakin wanki bai gama ɓacewa ba.

"A gida wa zan yi wa tafinta? Kowa yana jin Hausa."

Ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga ba ta yi ba, sai dariyar ta tsaya.

"Za ki sami wani aikin. Koyarwa, ko..."

"Wannan na iya. Wannan na sha wuya a kansa. Jiya an kawo wata mata naƙuda ta zo mata da gardama, mijinta yana wurin aiki, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta riƙe hannuna awa shida. Da ba na nan..."

"Ni fa? Ni ba na buƙatar ki?"

"Ka jira ni shekara biyu, in sami takardar da zan riƙa zuwa ina dawowa."

"Hajiya ba ta da shekara biyu!"

"Na sani."

"Kuma bayan shekara biyun? Za ki zauna a gida?"

Ba ta yi wa uwarsa ƙarya ba, ba za ta fara a kansa ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ina jin... a'a."

Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ina son ki, Auta."

"Ni ma wallahi. Wallahi ni ma!"

"To mene ne wannan?"



Ranar Alhamis ta raka su filin jirgi. Hajiya daga keken marasa lafiya ta shafa kanta ta sa mata albarka, ba ta tambaye ta komai ba. 'Yar riƙon ta kau da kai. Shi kuwa ya tura keken har ya shige, bai waiwayo ba. Daga motsin kafaɗunsa ta gane kuka yake yi.

An tabbatar da ita a aiki a wata na uku. Shugabar sashe har murmushi ta yi. Auta ta kai takardar ɗaki ta sa a ƙarƙashin akwati, ta rasa wanda za ta nuna wa.

A wata na biyar, tana tsaye a tashar bas bayan la'asar, wayar Injiniya ta shigo.

"Hajiya ta rasu. Yau kwana bakwai."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Ta zauna a kan benci. "Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Na ɗauki wayar ya fi sau ashirin." Ya numfasa. "Ta samu ta yi duk abin da take so. Ta yi sallama da kowa, ta raba kayanta da hannunta. Ta ce in gaya miki ta gode."

Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Akwai wata maganar. Gara ki ji daga bakina." Ya ci gaba da cewa, "Kawunnaina sun zauna. Yarinyar nan ba ta da kowa yanzu, a gidanmu ta tashi. Sun ce a ɗaura mana aure bayan arba'in."

Ta san wa yake nufi.

"Ka amsa?"

"Na amsa."

"Allah ya sanya alheri." Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito daidai. "Ka riƙe ta da kyau. Son ka ne ya sa ta yi abin da ta yi."

Ta ji ƙarar guduma a bayansa, da muryar wata ƙanwarsa tana kiran Yaya.

"Auta... kin taɓa yin da-na-sani?"

"Kullum."

"Da za a mayar da mu bencin nan fa?"

Hawaye na bin kumatunta, ta rufe ido.

"Abin da na faɗa zan sake faɗa."

"Na sani," ya ce a hankali. "Allah ya tsare min ke."

Layin ya yanke.

Bas ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa. Direban ya leƙo yana tambayarta da ido. Ta girgiza masa kai, ya rufe ya wuce.